Yadda Ake Tsara Sautukan Ƙirƙirarren Harshe, Daga Baƙi Zuwa Gaɓa

Duk wanda ya taɓa rubuta labarin aljanu, ko na mutanen wata duniya, ko na ƙabilar da babu ita a taswira, ya san inda gizo ke saƙar: ranar da waɗannan mutane za su buɗe baki su yi magana. Abin da aka saba shi ne a ce wa ɗan wasa ya yi ta surutai yadda bakinsa ya ba shi. Kafin minti biyu mai kallo ya gane Hausa ce aka birkita, ko Larabci ne aka kakkarya aka cika shi da kakari.

Na daɗe ina yi wa masu wasan kwaikwayon rediyo da masu gajerun finafinan YouTube wannan aiki a nan Legas, kuma matakin farko kullum ɗaya ne: tsarin sauti. Kafin kalmomi, kafin nahawu, sai an yanke waɗanne sautuka harshen yake da su, yadda suke haɗuwa, da abin da ba ya taɓa furtawa. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan aikin. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa ya ce burodi, ya ce birki. Bayarabe ba ya rufe gaɓa da baƙi. Irin wannan hani ne yake ba harshe kamanninsa, ba tarin sautukan ban mamaki ba.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Likita Zamenhof ya fito da Esperanto a 1887. A nan gida Alex Igbineweka ya ƙirƙiro Guosa daga harsunan Nijeriya, musamman Hausa da Yarabanci da Ibo. Masu kallon finafinan Indiya kuma sun ji Kiliki, harshen da Madhan Karky ya tsara wa mayaƙan Kalakeya a fim ɗin Baahubali na 2015. Zan bi da kai hanyar da nake bi, tare da wani harshe na gwaji da na raɗa wa suna Teloma, na masunta mazauna tsibiri.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai faɗi da fensir mai magogi, domin gogewa za ta fi rubutu yawa. Ƙaramin madubi don kallon leɓɓa da harshe. Waya mai ɗaukar murya, da iyafis. Gwangwanin madara guda uku da babu komai ciki, da yankakkun takardu kamar girman katin waya, wajen guda 100. Sai jadawalin IPA, wato haruffan furuci na duniya da ƙungiyar masana furuci da aka kafa a Faris a 1886 take kula da su. Akwai shafukan intanet da in ka taɓa harafi za ka ji sautinsa. Sauke jadawalin a waya, kada ka dogara da data.

In kana da kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa wajen yanka murya da sake sauraro. Praat ma kyauta ce, tana nuna hawa da saukar murya a zane, amma mafari ba ya bukatarta. Sa Gboard ko wani madannin da ke da ɓ, ɗ, ƙ a wayarka.

Kayan aiki mafi daraja mutane ne: aƙalla uku masu harshen uwa daban-daban, waɗanda za su yarda su zauna da kai rabin awa. A wannan fannin mazaunin Legas ya fi kowa gata. A layi ɗaya a Agege ko Idi-Araba za ka samu Bahaushe, Bayarabe, Babarbare, Bafillace da Banufe. A Mile 12 kuwa ba a magana.

Batun wurin ɗaukar murya: ƙarar janareto da hon ɗin danfo ba sa barin ka ji bambancin f da h. Ɗauki murya can cikin dare ko bayan sallar asuba kafin gari ya tashi, a ɗakin da ke da labule da tarin tufafi. Kashe fanka.

Mataki na 1: Wa zai furta shi?

Rubuta amsar tambayoyi uku a shafin farko. Su wane ne masu harshen a cikin labari? Su wa za su furta shi a zahiri? Kuma wa zai saurara?

In littafi kake rubutawa don Wattpad ko zaurukan WhatsApp, ido ne zai karanta, don haka komai ya zama abin da mai karatun boko zai iya furtawa a zuciyarsa ba tare da malami ba. In fim ne, bakin 'yan wasanka shi ne iyakarka. Yaron da aka haifa a Agege yana faɗin gb ba ya ko tunani, amma ɗan wasan da ya sauko daga Kano jiya zai mayar maka da shi b ko gw. Haka in akwai Yarabawa cikin 'yan wasan, ƙ da ɗ da ts za su ci maka lokaci.

Gargaɗi ɗaya tun daga nan. Kada ka kwashi sautukan wata ƙabila ta gaske ka ɗora wa miyagun labarinka. In matsafan fim ɗinka suka cika da kp da gb da wasulan hanci, maƙwabcinka zai ji da wa kake, ko da ba nufinka ba ke nan. A garin da muke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na 2: San bakinka

Ilmin da kake bukata kaɗan ne, kuma wanda ya yi Hausa a sakandare ya taɓa jin sa. Kowane baƙi ana gane shi da abu uku.

Na farko, wurin furuci. Dubi madubi ka ce ba, ma: leɓɓa ne suka haɗu. Ka ce ta, da, na, sa: tsinin harshe ne a hanƙa, bayan haƙoran sama. Ka ce ca, ja, ya: ganɗa. Ka ce ka, ga: bayan harshe ne a hanɗa. Ka ce ha, ko tsayawar da ke tsakiyar a'a: maƙogwaro.

Na biyu, yanayin furuci. Ko dai a tare iska gaba ɗaya a sake ta, kamar b, t, k, su ne tsayau. Ko a matse ta ta fita da zuza, kamar s, z, sh, su ne zuzau. Ko ta bi ta hanci, kamar m da n.

Na uku, ziza. Ɗora yatsa a zakaran wuyanka ka ja sss, sannan ka ja zzz. Rawar da ka ji a na biyun ita ce ziza.

Bahaushe yana da wani gata da marubucin Turai ba shi da shi: tunkuɗau irin ƙ da ts, da haɗiyau irin ɓa da ɗa, suna bakinsa tun yana goye. Riƙe numfashi ka ce ƙ, za ka ga ya fita, domin ba iskar huhu ke yin sa ba, maƙogwaro ne ke tunkuɗo ta. Ka ce ɓa da yatsa a wuya, za ka ji zakaran wuya ya yi ƙasa. Lokacin da Paul Frommer ya tsara harshen Na'vi na fim ɗin Avatar na 2009, tunkuɗau ya sa don kunnen Bature ya ji baƙunci, ya rubuta su px, tx, kx. Wannan kx ɗin ƙ ɗinmu ne. Darasin shi ne baƙunci ya danganta da mai sauraro: abin da zai girgiza ɗan Amurka, a Obalende gaisuwar safe ce.

Mataki na 3: Zaɓen baƙaƙe

Ja layuka a littafinka, wuraren furuci a sama daga leɓe zuwa maƙogwaro, yanayin furuci a gefe. Cikin waɗannan akwatuna za ka zuba baƙaƙenka. Kada ka jera su a tsarin a, b, c, domin wannan jerin yana ɓoye giɓi da cunkoso.

Nawa za ka ɗauka? Harsunan duniya sun bambanta ƙwarai. Na tsibirin Hawai yana da baƙi 8 kacal. Yarabanci na da 18, Larabci 28, Hausa ta haura 30. Ubykh na yankin Kokasas, wanda mai jin sa na ƙarshe ya rasu a 1992, yana da fiye da 80. Ga mafari, tsakanin 13 da 18 ya wadatar. Toki Pona da Sonja Lang ta fitar a 2001 baƙi 9 ne da wasali 5, kuma mutane suna hira da shi.

Fara da ginshiƙai, waɗanda da wuya a rasa su a harshe: t, k, m, n, s, da ɗaya cikin l ko r, sai w da y. Daga nan ƙara sahu-sahu, ba ɗai-ɗai ba. In ka ɗauki d, ɗauki b, wataƙila da g. In kana son tunkuɗau, kada ka tsaya a ɗaya tilo a tsakiyar jadawali kamar an manta shi, ba shi ɗan'uwa. Harsunan gaske suna son daidaito, ko da yake sukan bar giɓi ɗaya ko biyu, kuma giɓin yana da inda ya saba faɗawa. Larabci yana da b amma ba shi da p. Yarabanci ma haka: harafin p da kake gani a rubutunsu kp ake furta shi. Mu ma p ba ta tsaya da ƙafarta a Hausa ba, tana rakuɓe ne a jikin f.

Sannan zaɓi sautin tambari, ɗaya ko biyu, wanda da an ji shi za a ce wannan harshen ne. Baƙon sauti kamar kanwa yake a miya, kaɗan ke gyarawa. Legas ta ba ka inda za ka aro: gb da kp, ko mb da nd na farkon kalma irin na Fillanci, ko ny irin na Ibo, ko v.

Ga na Teloma, baƙi 15:
Leɓe: b, f, m, w
Hanƙa: t, d, s, n, l
Ganɗa: ny, y
Hanɗa: k, g
Leɓe da hanɗa tare: gb
Maƙogwaro: h

Lura da abin da na cire: babu r ko ɗaya, babu z, j, c, babu ƙ, ɗ, ɓ, ts. Da gangan ne. Masu sauraro Hausawa ne, kuma hanya mafi sauri ta nisanta harshe daga Hausa ita ce cire sautukan da kunne ya san ta da su.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kwaɗayi. Mutum ya buɗe jadawalin IPA ya ga sautukan ƙyas-ƙyas na harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, ya ga kh da gh na Larabci, ya ga th na Ingilishi, ya kwashe duka. Marc Okrand ya yi irin wannan hargitsi da gangan a harshen Klingon na finafinan Star Trek, har ya hana shi k, domin yana son a ji ba 'yan Adam ke magana ba. In mutane ne masu harshenka, kada ka bi sawunsa.

Kafin ka wuce, gwada kowane baƙi biyu masu kama da juna da zubin kamantau, wato kalmomi biyu da sauti ɗaya tak ya raba su, kamar kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. In kai da kanka ba ka iya raba su a kunne daga faifan muryarka, zubar da ɗaya.

Mataki na 4: Wasula

Biyar ɗin nan, a, e, i, o, u, su ne tsarin da ya fi yawa a duniya, kuma ba abin kunya ba ne ka tsaya a kansu. In kana son sauyi, hanyoyi huɗu ne. Ka rage zuwa uku, a, i, u, irin na Larabci. Ka ƙara zuwa bakwai irin na Yarabanci, mai e biyu da o biyu. Ka sa wasulan hanci. Ko ka sa wasalin tsakiya irin ǝ na Barebari. David Peterson ya bar Dothraki, harshen da ya tsara wa shirin Game of Thrones, da huɗu, ya cire u kawai, kuma hakan ya isa ya sauya amonsa.

Sai ka yanke hukunci kan tsawo. A Hausa tsawon wasali yana raba ma'ana: gashin kai da gashin nama, dafa abinci da dafa kafaɗa. In harshenka ba ya raba dogo da gajere, rubuta haka ɓaro-ɓaro ka gaya wa 'yan wasa, domin Bahaushe zai riƙa jan wasalin ƙarshen kalma bisa sabo.

Teloma wasali biyar ne, babu dogo, babu tagwai irin ai da au. Amma na ba shi dokar jituwa, dabarar da na aro daga Ibo, inda wasula 8 suka kasu gida biyu da ba sa cakuɗuwa a saiwar kalma. A Teloma i da u gida ɗaya ne, e da o gida ɗaya, a kuwa tana shiga ko'ina. Don haka nyisu da dengo halal ne, amma nyiso ko dengu ba za su taɓa zama kalma ba.

Mataki na 5: Ginin gaɓa

Nan ne harshe ke samun tafiyarsa, kuma nan ne mafari ya fi yin sakaci. Bari mu kira baƙi B, wasali W. Hausa gaɓa uku take da su: BW kamar ci, BWW kamar kai ko sau, da BWB kamar nan. Ba ta fara gaɓa da wasali, domin ko ido da aiki akwai hamza a gabansu da ba a rubutawa. Ingilishi kuwa yana iya jera baƙi uku kafin ya kai ga wasali.

Amsa waɗannan a rubuce. Gaɓa tana iya farawa da wasali? Baƙi nawa ke iya jeruwa a farko? Tana iya rufewa da baƙi, kuma da wanne? Baƙin da ya rufe gaɓa yana iya haɗuwa da kowane baƙi na gaba? Akwai ɗauri, wato ninkin baƙi irin na hannu da sassafe? Kalma gaɓa nawa ta saba ɗauka?

Buɗaɗɗun gaɓoɓi suna sa harshe ya gudana, rufaffu suna sa shi ya riƙa tsayawa dam-dam. Ga masuntan Teloma na zaɓi: BW, ko BWB da n ko l kaɗai ke rufewa. Gaɓar farkon kalma tana iya zuwa babu baƙi. Wasali biyu ba sa haɗuwa. An haramta wu da yi. Yawancin kalmomi gaɓa biyu ne ko uku.

Kada ka ji tsoron dokokin za su ƙarar maka da kalmomi. Baƙi 15 sau wasali 5 gaɓa 75 ke nan. Kowace tana iya zama a buɗe, ko ta rufe da n, ko da l, sun zama 225. Kalmomi masu gaɓa biyu kaɗai sun haura 50,000 kafin a cire waɗanda doka ta hana. Fim ɗinka ba zai ci 500 ba.

Mataki na 6: Karin sauti ko nauyi

Hausa tana da karin sama, na ƙasa da faɗau, shi ya sa kukan yaro da kukar miya suka bambanta. Yarabanci yana da hawa uku, har igba takan zama ƙwarya, ko lokaci, ko 200, gwargwadon yadda aka rera ta. Wasu harsunan kuwa nauyi suke ɗora wa gaɓa ɗaya a kowace kalma: Swahili da Esperanto a gaɓar kusa da ƙarshe, harshen Finlan a ta farko.

Shawarata ga mafari: ɗauki nauyi, ka kafe shi wuri ɗaya. Ya fi sauƙin koyarwa, kuma ba ya bukatar alama a rubutu. Teloma gaɓar farko ke ɗaukar nauyi kullum.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ka bar wannan a buɗe. Bakin da ya saba da karin sauti ba ya iya furta kalma babu kari. In ba ka ba shi ba, zai ƙirƙiro nasa. Sai ka tarar jaruma tana rera kalma da karin Kananci, abokin wasanta yana rera ta da na Yarabanci, kamar ba gari ɗaya suka fito ba.

In ka nace sai karin sauti, tsaya a hawa biyu, ka taƙaita salon da kalma ke iya ɗauka, misali sama-sama, sama-ƙasa da ƙasa-sama. Koyar da shi da fito: yi fiton kalmar tukuna, ɗan wasa ya maimaita, sannan a sa baƙaƙe. In akwai makaɗin kalangu kusa, ya fi fito.

Mataki na 7: Dokokin naso

Sautuka suna sauyawa idan sun gogi juna, kuma rashin wannan ne ke sa ƙirƙirarren harshe ya fito kamar na'ura ke karanta shi. Dubi Hausa: mota ta zama motoci, gida gidaje, ƙasa ƙasashe, domin t, d, s suna komawa c, j, sh a gaban i da e. Muna rubuta gidan Bala amma gidam Bala muke faɗa.

Doka biyu ko uku sun isa. Na Teloma: s tana zama sh a gaban i, don haka simu ana furta ta shimu. N mai rufe gaɓa tana bin wurin furucin baƙin da ke gabanta, anbe ta zama ambe. B tsakanin wasula biyu tana laushi ta zama v. Ka ga sh da v sun shigo harshen ba tare da sun zama ƙwayoyin sauti masu zaman kansu ba, takwarori ne kawai, wato wasu sigogin furta s da b.

Jituwar wasula ma a nan take nuna amfaninta. Ɗafin jam'i siga biyu gare shi, ge da gi: kolde, kwalekwale, jam'insa koldege, nyisu, kifi, jam'insa nyisugi. Mai sauraro ba zai san dokar ba, amma kunnensa zai ji akwai tsari.

Mataki na 8: Rubutu

Sauti ɗaya, harafi ɗaya, iyakar iyawa. Yi amfani da ƙimar da masu karatunka suka sani: wurin Bahaushe c ita ce ta ciki da caca, kada ka sa ta tsaya wa k. Guji x da q da baƙin waƙafi na ado. In ka sa ' a kalma, to ya zama hamza ce ta gaske da ake furtawa.

Binciki tagwayen haruffa ko za su rikita. Gb ba ta da matsala a Teloma, tunda g ba ta rufe gaɓa. Amma ny tana da ita: kanya ka-nya ce ko kan-ya? Bahaushe zai karanta ta kamar hanya. Mafita biyu ce, ko ka rubuta ñ, ko ka haramta n ta haɗu da y. Na ɗauki ta biyu, saboda ba kowace waya ke da ñ kusa ba.

Mataki na 9: Haƙo kalmomi

Kada ka zauna kana ƙirƙiro kalmomi da ka. Kwanya tana komawa gida: bayan kalma 20 za ka ga duk sun ƙare da a, duk sun yi amon Hausa. Nan gwangwanayen suke shigowa.

Na farko na baƙaƙe ne, amma ba daidai wa daida ba, domin babu harshen da sautukansa ke fitowa da yawa ɗaya. Rubuta n, l, t, k, m a takarda biyar-biyar. B, d, g, s, w, y uku-uku. F, h, ny bibbiyu. Gb ɗaya ko biyu. Na biyu na wasula: a shida, e da o huɗu-huɗu, i uku, u biyu. Na uku na rufin gaɓa: takarda bakwai babu rubutu, n biyu, l ɗaya. Zaro ɗaya daga kowanne, rubuta gaɓar, mayar da takardun, girgiza. Wadda ta karya doka a zubar. Mai kwamfuta yana iya sa Excel ya yi masa wannan zaɓen, sakamakon ɗaya ne.

Haƙo kamar 200, karanta su da ƙarfi, riƙe waɗanda suka yi daɗin baki. Gajeru ka ba abubuwan yau da kullum. Ga kaɗan daga na Teloma: gbano ruwa, telo baki, fulgi komar kamun kifi, hawal iska, wele wata, dengo tsibiri.

Mataki na 10: Gwaji

Gwajin farko na aro ne, kuma shi ne ke tona inda dokokinka ba su cika ba. Ɗauki sunayen unguwanni da na mutane ka tura su ta cikin harshen. Agege ta wuce lafiya. Obalende ma ta wuce, sai dai za a furta ta Ovalende. Mushin za a rubuta Musin a furta yadda aka saba. Oshodi ta zama Osode. Ikeja ta tilasta mini sabuwar doka: in wasula sun yi rikici, na farko ke mulki, kuma j tana komawa y, ta zama Ikiya. Da wannan dokar Surulere ta koma Sululili. Ibrahim ya zama Ibilahin, Zainab ta zama Senaba. Duk sunan da ya tsaya maka a wuya, akwai tambayar da ba ka amsa ba a mataki na 5.

Na biyu na shifta ne. Aika kalma 20 ta saƙon murya ga wanda bai taɓa ganin su a rubuce ba, ya rubuto maka abin da ya ji. Inda mutum biyu suka yi kuskure iri ɗaya, laifin na harshen ne ba nasu ba. Maimaita gwajin a cikin hayaniya, a bakin titi ko kusa da janareto, tunda yawancin masu kallonka a waya za su kalla, wasu a cikin mota a go-sulo. F da h da s su ne farkon ɓacewa.

Na uku na kunne ne. Karanta wa mutum halattattun kalmomi 30, sannan ka kawo goma sababbi ka cusa uku da suka karya doka, irin su tarko ko nyiso. In ya ce waɗannan ba su yi kama da sauran ba, harshenka ya samu fuska.

Na huɗu kada ka tsallake shi ko kana sauri: karanta jerin kalmomin gaba ɗaya ga mai jin Yarabanci, da mai jin Ibo, da mai jin Burokan, da dattijon da ya san tsohuwar Hausa. Gwangwani ba ya jin kunya, zai iya haɗa maka ashar ko sunan al'aura a harshen da ba ka ji. Je musu da ladabi, ka ce, "Baba, don Allah in akwai wadda ba ta dace a faɗa gaban surukai ba, a nuna mini." Wadda aka yi wa murmushi ma cire ta.

Bayan gwaji, tattara komai a shafi ɗaya: jadawalin baƙaƙe, wasula, siffar gaɓa, wurin nauyi, dokokin naso, da misali biyu ga kowanne. Haɗa da faifan murya da ka karanta kowane layin 'yan wasa sau biyu, a hankali sannan da saurin magana. Daga ranar da aka fara ɗauka, a rufe ƙofar gyara.

In ranar ɗauka ta zo aka samu ɗan wasan da gb ta gagare shi duk da horo, kada a tsayar da aiki. Mayar da matsalar karin harshe: shi da duk mutanen ƙauyensu a cikin labarin su riƙa cewa gw a duk inda sauran ke cewa gb, gwano maimakon gbano, yadda wani ke cewa zauna wani zamna, wani tafi wani tahi. Sharaɗin kawai sauyin ya bi kowace kalma mai wannan sautin, kuma a rubuta shi a shafin dokoki domin mai ɗora murya da mai rubutun ƙasan allo su san da shi.